Abin da Ke Zuba Daga Faifan Inna

Ƴaƴana, kun taso kuna jin ana yabona da abu guda a garinmu: wai a shekarar da ruwa ya ɗauke alhali hatsi yana da ciki, gidanmu ne kaɗai bai kwana da yunwa ba, kuma wai dabarata ce ta jawo haka. Ke Hadiza har kin taɓa faɗa wa ƙawayenki na lakwal, wato makarantar boko, a gabana, kina ta hura hanci, ni kuwa na sunkuyar da kai, kika ɗauka tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, kunya ce. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya ragu, na ga gara ku ji daga bakina tun kafin masu yabon su rufe ni da yabonsu. Gidanmu bai kwana da yunwa ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai wadda ta kwana da ita saboda ni, kuma ita ce ta goye ni a bayanta.

Sai na fara da aikin da na yi a ƙasar Faransa, don har yau ba wanda ya gane shi a cikinku. Uwarku ma, Allah ya jiƙanta, ta koma ga Mahaliccinta tana gaya wa mutane mijinta likitan kifi ne. Aikin gona na karanta, na ƙware a kan wasu ƙananan tsutsotsi masu kama da zare, waɗanda ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir ta yi ƙululu a garaka, wato lambunan garin Waca. Nematodi ake ce musu a lakwal. Wata farfesa ta ga ina da haƙurin ƙirga su, ta ɗauke ni aiki a laburatuwar ɗinta, ɗakin bincike, a wani gari na bakin teku. Ashe dangin tsutsar nan suna can ƙasan teku ma, inda zurfin yake kai kilomita huɗu ko biyar, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Jirgin ruwa kan je ya saki bututu da igiyar ƙarfe, a caki laka a jawo, a kawo mana cikin kwalabe. Ni kuma in wanke lakar a rariya mai ƙananan idanu, in zuba mata jan rini don tsutsotsin su bayyana, in zauna gaban madubin ƙara girma in ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, in tsinto wasu da allura a auna tsawonsu. Shekara tara na yi ina wannan, ni ɗan manomi daga ƙasar da ko ƙanshin teku ba ta ji.

Abin da shekara taran nan ta koya mini bai wuce a faɗe shi a numfashi ɗaya ba. A can ƙasa ba abin da ke tsirowa, don ba haske. Duk abin da ke raye a wurin yana jiran abin da ya faɗo daga sama ne: ɓurɓushin ƙananan tsirran da ke yawo a fuskar ruwa, gawar ƙananan halittu, kashin waɗanda suka ci suka ƙoshi. Yana saukowa a hankali, makonni yana tafiya, a hanya wasu suna wawura, abin da ke isa ƙasa ɗan kaɗan ne. Inda saman ruwan ke da albarka, kusa da gaɓa ko cikin kwazazzabon da ke tara abin da ya gangaro, sai ka samu kwalba cike da tsutsa, manya-manya, ka yi ta ƙirga har wuyanka ya ƙage. Inda saman ya zama fako, can tsakiyar teku, sai ka wuni ka samu ƴan tsiraru, sirara, ƙanana. Har na kai in aka miƙo mini kwalba ba a gaya mini inda aka ɗebo ta ba, ina gama ƙirga zan ce saman ruwan nan mai wadata ne ko matsiyaci. Farfesa takan kira baƙi su zo su ga na yi. Kaina ya kumbura, kuma da kumburarren kan nan na dawo gida lokacin da Baba ya rasu.

Na tarar an gama girbi, in ma za a kira shi girbi. Rumbu uku ne a gidanmu, ɗaya da rabi aka cika. Baki goma sha huɗu ke jiransa, kuma ni ne ɗan fari, saboda haka gandu ya faɗo a wuyana tun kafin in kwance kayana. Kun san abin da ke tsakanin uwa da ɗan farinta a wurinmu. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana son in ci abinci, sai ta ce da ƙanena Habu, "Ka gaya wa yayanka tuwo na hucewa," ni kuwa ina zaune a gabanta. In Habu ba ya nan, sai ta gaya wa turmi ko akuya. Na girma da haka, ban taɓa jin ciwonsa ba, don ina da wata uwar. Da aka yaye ni, yayar Baba aka kai wa ni, Gwaggo Tasalla, na zauna a ɗakinta har na shiga lakwal. Ita ce mai kiran sunana da ƙarfi, mai zagina, mai tauna mini gyaɗa ta sa a bakina. Ƴaƴanta huɗu duk sun koma tun suna ƙanana, mijinta ya bi su, ta rage ita kaɗai a wani ɗan gida can ƙarshen gari, wajen hanyar Bande.

Akwai wata magana tsakaninta da Baba, kuma ba zan ce ban san ta ba. Wajen rabon gonar kakanmu suka yi cacar baki, Baba cikin fushi ya ce da ita, a gaban mutane, ai ita ba ta da mai ci, kuma ko ba komai shi ke ci da ita. Gwaggo ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani ta rantse ba za ta ƙara cin kyautar gidansa ba har ta mutu. Baba ya yi nadama tun kafin rana ta faɗi. Malamai suka ce ta yi kaffara ta huta, ta ce ita ba ta rantse don ta warware ba. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Na sani sarai. Sai dai na ajiye shi cikin labaran tsofaffi, irin waɗanda ake tunawa a yi dariya.

Kwana uku da dawowata, da aka rage masu gaisuwa, Gwaggo ta jawo tabarma kusa da ni. Duk garin ba wanda ya tambaye ni abin da nake yi a Turai sai ita. Na yi mata bayani kamar yadda na yi muku yanzu, tana ta gyaɗa kai tana sosa ƙafa.

"To kai Isuhu, su tsutsotsin naka, wa ke jefa musu abinci a can ƙasan?"

"Ba mai jefa musu, Gwaggo. Abin da ya kuɓuce wa na sama ne yake faɗo musu."

"Su na saman sun san da su?"

"Ina fa za su sani."

"To ran da na saman suka koyi ci ba zubarwa fa?"

Na yi dariya na ce hakan ba ya faruwa, teku ba ta san tattali ba. Ita ma ta yi dariya, ta dungure mini kai ta ce Bature mai kiwon tsutsa, Allah ya shirye ka. Na ɗauka hira ce kawai muka yi.

Ga yadda ake yi a gidanmu a wancan lokaci. Kullum da hantsi Habu zai hau rumbu ya jefo dami ɗaya. Mata su kai shi masussuka a bayan gida, su sussuke a turmi, su sheƙe a iska, su surfa, su bakace, su daka. Kullum kuma Gwaggo za ta iso da faifanta a ka da ƴar ƙwaryarta a hammata, ta ce ta zo taya aiki. In an gama, sai ta share ƙaiƙayin da ya taru, ta haɗa da dusa da tsaki, ta cika ƙwaryarta. Inna ta ce, "Wannan na kajin Yaya ne," Gwaggo ta ce, "Kaji sun gode," ta kama hanya. Ni kuwa ba ni da aikin yi sai zama da kallo, ga ido ya saba da ƙirga. Na lura in Inna tana sheƙa, takan karkata ƙwaryar yadda tsabar hatsi mai kyau za ta bi ƙaiƙayi. In tana bakace, takan yi wa faifan wata irin girgiza a ƙarshe, sai tsaba ta tsallake ta faɗa cikin tsaki. Na ce a raina tsufa ya kama hannun Inna. Matar da ta yi shekara arba'in tana riƙe da faifai, ni na yanke mata hukuncin ba ta iya ba.

Sai na yi abin da na iya. Na sa Habu ya sauko da dami biyu masu girma ɗaya. Ɗaya na ba mata, ɗaya muka sussuke ni da shi a kan tabarma, ba mu bar ƙwaya ɗaya ta gudu ba. Muka auna da tiya, kwanon awo. Na sake washegari, na sake jibi, don an koya mini ba a yarda da gwaji ɗaya. Amsar ba ta canza ba: cikin tiya goma, kusan ɗaya tana bin iska a hannun mata. Na zauna na lissafa kwanakin da suka rage kafin sabon hatsi, na ga da wannan ɓarna rumbu zai ƙare ana tsakiyar noma, in an toshe ta kuwa za mu kai kaka da ƙyar. Wallahi daɗi na ji. Na ji kamar yau ce ranar da karatuna zai yi wa gidan ubana rana.

Na tara gida bayan la'asar na faɗi abin da na yanke. Za a ɗauko injin sussuka daga Magaria, a sussuke hatsin gaba ɗaya a rana guda, a zuba a buhuna, a kulle a ɗaki. Kullum ni zan auna abin da za a ci, a kai injin niƙa, dusa a ba tumakin da za mu sayar da bazara. Ba sauran turmi, ba sauran faifai, mata su huta. Na jira godiya. Matar Habu ta dubi ƙasa. Inna tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

"Habu, ka gaya wa yayanka, hatsi a zangarniyarsa ya fi daɗewa. Ƙwaro ba ya cin na rumbu kamar na buhu."

Na ce da Habu ya gaya mata akwai maganin ƙwaro.

"Ka gaya masa gidan da ba a jin turmi a cikinsa, baƙo ba ya sanin da mutane."

Na ce ba shekarar neman baƙi ba ce. Ta ci gaba da zogalenta, can sai ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Ka gaya masa akwai kajin Yaya."

"Inna, mutane za mu ciyar ko kaji?"

Kai tsaye na faɗa mata, abin da ban taɓa yi ba. Ta tattara ganyenta ta shige ɗaki. Habu ya biyo ni zaure yana murza hula, ya buɗe baki ya ce, "Yaya, kajin nan fa..." Na daka masa tsawa na ce in yana da wani lissafin da ya fi nawa ya kawo. Ba shi da shi. Shi bai je lakwal ba, ni kuwa daga Turai nake, kuma maganar irin wadda ba a faɗi ce, don ran da aka faɗe ta, ran nan rantsuwar Gwaggo ta karye. Shekara ashirin da wani abu mutanen gidan nan suna riƙe da sirri ɗaya ba wanda ya furta shi, har Baba, wanda ashe shi ke sa a zaɓo babban dami. Ni na zo na auna shi da tiya na sa masa suna ɓarna.

Ranar da inji ya zo, rabin gari ya taru kallo. Na sa aka shimfiɗa babbar leda a ƙarƙashinsa don kada ƙwaya ta taɓa ƙasa. Ina tsaye da kaye da bik, littafi da abin rubutu, a hannu ina ba da umarni, sai na hango Gwaggo a gefen taro, faifai a ka, ƙwarya a hammata, kamar kullum. Ta tsaya tana kallon buhunan da ake ɗinkewa. Na ɗaga murya don kowa ya ji, saboda ƙarar inji, kuma saboda ina son a ji.

"Gwaggo, daga yau kin huta! Inji ya karɓe ki. Kajinki kuma su koyi tono kamar na kowa!"

Mutane suka yi dariya. Ba duka ba, yanzu na tuna, tsofaffin mata ba su yi ba. Gwaggo ta sauke faifan daga kanta, ta kaɗe shi, ta riƙe a hannu.

"Madalla, Isuhu. Allah ya yi albarka. Ka iya aiki."

Ta juya ta tafi. Da na rubuta layin nan sai da na ajiye bik na fita na zaga gida. Shekara talatin da wani abu, har yau in na tuna muryata a ranar nan sai in ji fuskata ta yi zafi.

Rani ya wuce, bazara ta shigo. Tsarina ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta suna haɗa tuwo da ganyen tafasa, mu muna cin namu tsantsa, ko da kaɗan ne. Makullin ɗakin hatsi yana wuyana da igiya, har wanka nake da shi. Gwaggo ta daina zuwa, tunda ba aikin da za ta ce ta zo taya. Na ga ba ta zuwa. Kada ku ce ban lura ba, mutumin da ke gane tsutsa ɗaya ta ɓace a kwalba ba zai kasa lura da gwaggonsa ba. Sau ɗaya zuciyata ta ɗan sosa ni, na aiki Habu da rabin buhu a kan amalanke. Ya dawo da shi yadda ya tafi, ya ce ta ce a gaya mini ta gode, tana da sauran nata. Na yarda. Na yarda ne don yardar ta fi mini sauƙi. Na ga Inna tana rage tuwonta tana ɓoyewa a ƙarƙashin ƙwarya tana aika wa Gwaggo, na ga matar Habu ta dawo da shi da yamma ba a taɓa ba, na ce a raina tsofaffi da taurin kai. Ran Juma'a in na wuce ta ƙofar gidanta sai in yi sallama daga waje, ta amsa daga ɗaki, "Lafiya lau, Bature," in wuce ina jin na sauke nauyi. Watanni biyar ban sa ƙafata cikin gidan ba.

Ana tsakiyar damina, hatsi ya kai ƙugu, muna maimai a gona da hantsi, sai ga maƙwabciyarta ta zo da gudu zane a hannu. Ta ce kwana biyu ba ta ga Tasalla ta fito ba, ta leƙa ta tarar da ita kwance ba ta iya tashi. Na yar da hauya na ruga. Abu na farko da na gani da na shiga shi ne akurkin kaji. Rufinsa ya rufta, ciyawa ta tsiro a ciki har ta yi iri, ba gashin kaza ko ɗaya, ba kashi. Akurkin nan ya yi shekaru bai ga kaza ba. Abu na biyu, a bayan ɗaki, tarin yashi ne mai laushi, an zuba shi tsibi-tsibi a jere, kusa da shi ga tsohuwar rariya da ɗan guntun galma. Na tsuguna na ɗebi yashin. Ƙasar gidan tururuwa ce. Tana zuwa daji ta tone gidajensu, ta kwaso abin da suka tara, ta zo ta tace a rariya ta fitar da ƴan ƙwayoyin hatsi da irin ciyawa. Shekara tara ina tace laka, na san yawan abin da hannu ɗaya ke iya tacewa a wuni. Ban so in ƙirga tsibin nan ba, idona ne ya ƙirga da kansa. Na baya-bayan ƙanana ne, na ƙarshen bai fi cikin tafi biyu ba.

Na shiga ɗaki. Ƙafafunta sun kumbura, sauran jikin kuwa kamar kara. Ta buɗe ido ta gane ni, har ta yi ƙoƙarin jan zane ta rufe ƙafar don kada in gani. Na koma gida a guje, na buɗe ɗakin hatsi, na sa matar Habu ta dama kunu, na kawo da kaina na durƙusa na kai ludayi bakinta.

"Na wane gida ne?"

"Gwaggo, don Allah, don Annabi. Baba ya rasu. Nawa ne, ni ɗanki."

"Gonar wa aka noma shi?"

Ta juya fuskarta bango. Ina durƙushe da ludayi a hannu ina kuka kamar yaro, ga ni da duk takardun da na kwaso daga Turai, na kasa sa tsohuwa ɗaya ta haɗiyi kunu. Sai na ji sallamar Inna. Ta shigo da ƙwarya a ka, ba ta ko dubi inda nake ba. Ashe ta ɗebi hatsi a ɗakin da na bari buɗe, ta surfa shi a turmin maƙwabta, ta zo da shi da dusarsa. Ta cire faifan Gwaggo daga inda yake rataye, ta zuba hatsin a kai, ta zauna a bakin gado ta tallafo ta, ta ɗora mata faifan a cinya.

"Yaya, taya ni bakace. Hannuna ya gaji yau."

Gwaggo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta kama gefen faifan da yatsunta, Inna ta riƙe ɗaya gefen, suka girgiza shi sau biyu ko uku. Hatsi ya zube a kan zane, ya zube a ƙasa. Inna ta tattara wanda ya zube ta mayar a ƴar ƙwaryar Gwaggo.

"Wannan na kajin Yaya ne."

"Kaji sun gode," in ji Gwaggo, da ƙyar ake ji.

A murhun Gwaggo Inna ta dama shi, ta sha ludayi huɗu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon abin da na yi wata da watanni ina kallo a bayan gidanmu ban gani ba. Da azahar muka ɗora ta a amalanke muka kai ta likita a Bande. Ma'aikacin ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ɗago ya tambaya wa ke kula da abincinta. Habu ya dubi bango. Ni na dubi takalmina, makulli yana lilo a wuyana. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jikin ya riga ya wuce inda abinci ke dawo da shi. Kwana uku ta yi. A rana ta biyu ta ɗan farfaɗo, ta ga ina zaune, ta ce, "Bature, ka bar gona ka zo ka zauna? Wa zai yi maka maimai?" Ko kalma ɗaya ta zargi ba ta faɗa mini ba. Na so ta zage ni kamar da, ta ƙi.

Bayan sadakar bakwai na cire makullin daga wuyana. Na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida tana gyaran wake. Na ajiye shi a gefen tabarmarta, na tsaya ina neman wanda zan aika da magana, ba Habu, ba kowa. Na ce da turmin da ke kife a gefe, a gaya wa Inna ga makulli, a gaya mata ban sani ba. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce. Ta ajiye waken. Ta ɗago kai ta dube ni a tsakiyar ido.

"Isuhu."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban ma san haka take furta shi ba.

"Isuhu, ba ɓarna ba ce. Abincinta ne. Kai ka gaya mata da bakinka na ƙasa da abin da ya faɗo suke rayuwa, ina bayan zana ina ji. Na ce to, wannan ya sani, ba sai an gaya masa ba."

Ta ɗauki wakenta ta ci gaba da gyara. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ba ta sake kiran sunana ba, ta koma aiken Habu da akuya kamar da. Sau ɗaya uwata ta kira ni a rayuwata, kuma da ban ji ba ya fi mini.

Ban koma Faransa ba. Farfesa ta rubuto sau biyu, na ce mata ido ya gaji. Na kama aikin gona a nan, na yi ta fama da tsutsar tumatir har na ajiye aiki. Hatsinmu ya kai kaka a shekarar, har da ragowar buhu ɗaya da rabi, wanda shi ne mutane ke yabona da shi har yau. Na san abin da buhu ɗaya da rabin nan yake, don na auna: daidai da abin da zai bi iska ne a watannin da turmi ya yi a kife.

Kai Mamman, bara ka kawo maganar inji, na yi maka faɗan da ka kwana uku ba ka gaishe ni da sakin fuska ba, ka ce da ƴan'uwanka tsoho ya fara rikicewa. Ba inji nake ƙi ba. Ku kai na sayarwa inji, ku kai na biki. Amma damin da za a ci a gida, a bar shi ya bi ta turmi da faifai. Akwai mata biyu da ke zuwa taya matarka aiki da hantsi, kun san su, ba zan rubuta sunansu ba. In kun ga tana sheƙa hatsi yana bin ƙaiƙayi, ba hannunta ne ya kasa ba, ni na roƙe ta, kuma kafin in gama roƙon ta ce ai ta sani. Kada wanda ya je da tiya wurin, kada wanda ya tambayi kaji nawa ne a gidajensu. Ba ku taɓa ganin kajin ba, ni ma ban taɓa gani ba. Ku bar musu rabonsu.